Baƙon da Za Ka Kawo Garin Jatau

Tanut, ƙasar Damargu.

Zuwa ga ɗana Haruna, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da sharrin mota da sharrin mutum, Ya sa ka shiga wannan aiki a sa'a. Amin.

Bayan haka, takardarka ta iso ta hannun direban da ke zuwa daga Zindar. Ba zan ba ka labarin gida ba. Kowa yana nan yadda ka bar shi.

Ka ce kamfanin da ya ɗauke ka, na masu ba gwamnati shawara, an ba shi aikin zagaya ƙauyukan kwarin Tarka don ya faɗi inda ya kamata a gina rijiyoyin siminti. Ka ce har yanzu kai stajiya ne, wato ɗan gwaji, kuma bayan wannan tafiya za a yanke ko a riƙe ka ko a sallame ka. Ka ce za ku zo da shef ɗinka, wato shugabanka, Bafaranshe, bayan kaka in sanyi ya shigo, kuma kana so ya kwana a Garin Jatau, garin kakanka. Sannan ka roƙe ni in gaya wa kawunka Abdu, tun da shi ne mai gari yanzu, a share fili, a shafa wa zaure farar ƙasa, a aro tabarmi masu kyau, a ɗauko ruwan sha tun daga Gangara, "don kada mu ji kunya."

Da na kai wurin nan sai na ajiye takardar, na fita na ba awaki dusa, don kada in amsa maka da abin da ya fara zuwa mini baki. Yanzu na huce gwargwadon yadda nake hucewa. Ka zauna ka karanta.

Abin da kake roƙo an taɓa yin sa, kuma ni na yi shi.

Lokacin kana ajin farko a lakwal, wato makarantar boko, ina mataimakiyar ungozoma a asibitin Tanut. Wata safiya kumandan, jami'in da ke mulkin yankin, ya aiko a kira ni. Wasu Nasara sun zo duba sha'anin ruwa, suna neman wadda za ta yi musu tafinta wurin mata. A duk faɗin Damargu a lokacin, matan da suka iya karanta Faransanci ba su cika tabarma ɗaya ba. Kaina ya kumbura. Da na ga Garin Jatau yana cikin garuruwan da za a bi, sai na nemi izini na riga su zuwa.

Kakanka ne mai gari. Ban sha wahalar shawo kansa ba, domin abin da na zo da shi shi ne abin da ke ransa. Aka aika gidan surukansa aka aro damman hatsi, aka cika rumbunan da ke bakin hanya. Aka tura raƙuma rijiya mai nisa suka kawo ruwa, muka tace shi da ƙyalle, muka cika kowace randa har baki. Yaran da ke da ciwon ido da masu kumburin ciki aka mai da su can bayan gidan liman. Mata suka fito da zannuwan Sallah.

Kakanka ya tambaye ni, "Zuwaira, in baƙon ya tambaye mu zancen ruwa fa?"

Na ce, "Ku ce alhamdu lillahi, Baba."

Ya yi dariya ya ce, "Ai abin da za mu ce ke nan ko ba ki faɗa ba."

Nasara suka zo, aka yanka musu rago, suka sha ruwan randa mai sanyi. Babbansu ya ce in tambayi mata ko ruwa yana isarsu. Gwaggo Hajo, ƙanwar kakanka, ita ce a gaba. Ta ce, "Ki ce masa mun gode Allah." Sannan ta rage murya ta ce, "Ke 'yar lakwal, saura ki tona mana asiri a gaban baƙo, in ci mutuncinki."

Na faɗa masa sun ce sun gode Allah. Ya dubi randunan, ya dubi rumbunan, ya rubuta. Ni kuwa a garin nan aka haife ni. Na san rijiyarmu tana ƙafewa tun farkon bazara, har sai an zura mutum ciki yana kwalfar taɓo da ƙwarya. Na san mata suna fita da sassafe da tuluna, ba sa dawowa sai rana ta take. Ban faɗa ba, shi kuma bai san yadda zai tambaya ba. Ka lura, babu wanda ya yi ƙarya a ranar. Mun dai karɓi baƙo yadda aka koya mana karɓar baƙo.

Da za su tafi, babban nasu ya ce mini, "Madam, garinku ya fi duk inda muka bi tsabta da wadata." Na daɗe ina maimaita wa mahaifinka wannan magana, Allah Ya jiƙansa, har ya gaji da ji.

Rijiyar siminti kuwa sai aka gina ta a garin wani mai gari da ke yamma da mu, mutumin da duk ƙasar ta san shi da rowa. Shi bai aro komai ba. Ya shimfiɗa wa Nasaran tsohon buzu, ya ba su ruwan salka mai ɗumi da warin akuya, suka kasa haɗiyewa. Mun yi masa dariya har muka riƙe ciki. Har yau ana kiransa marowaci, har yau kuma a bakin rijiyarsa matan Garin Jatau suke tsayawa da bazara, suna jiran matan garin su gama a ba su aron guga. Ni nake karɓar haihuwarsu. Na san abin da tulu da wannan tafiya suke yi wa mai tsohon ciki, kuma ba zan rubuta maka shi a takarda ba.

To ga abin da nake so ka gane. Shef ɗinka ya fi ka sanin lissafi, ya fi ka sanin ƙasa da duwatsun da ke ƙarƙashinta, ya fi ka sanin yadda ake magana da minista. Abu ɗaya ne ka fi shi: kai ka san abin da mutanenmu suke ɓoyewa idan baƙo ya sauka, ka san inda suke ɓoye shi. Domin wannan aka ɗauke ka, ko sun faɗa maka ko ba su faɗa ba. Masu Faransanci irin naka sun cika Yamai. In ka taya gari rufe masa ido, ka zubar da abu ɗaya tak da ka zo da shi kasuwa, kuma shawarar da zai ba gwamnati za ta fito a karkace da sa hannunka.

Kuskurena na biyu ya fito daga cikin na farko, kuma shi ne ya fi shafar hawanka a wurin aiki.

Tun daga wannan tafiya, duk baƙin da suka sauka Tanut sai a ce a kira Zuwaira. Ni ke neman masauki, ni ke neman kaji, ni ke sanin wane Buzu ne zai yi jagora bai ɓatar da su ba, ni ke tashi tun asuba in ga an tafasa ruwa. Na ƙware. Kowannensu in zai tafi sai ya yaba ni a gaban kumandan. Suna komawa su rubuta littattafansu na rahoto, wasu sun zo hannuna na karanta su daga bango zuwa bango. Na ga maganganuna a ciki, har da misalan da na ba su muna kan raƙumi. Sunana kuwa, in ya fito, yana can wurin godiya, tsakanin direba da kuku.

Da aka sami gurbi na zuwa Dakar karatun babbar ungozoma, na je wurin likita na ce ina so. Ya dafa teburinsa ya ce, "Haba Zuwaira, in kin tafi wa zai karɓar mana baƙi?" Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabo ne a wurinsa. Aka tura wata wadda ko tsintsiya ba ta iya riƙewa da kyau ba, ita ba wanda zai yi kewarta. Yau ita nake gaisarwa da "ranki ya daɗe" in ta zo rangadi.

Na daɗe ina kallon irin kamfaninku suna wucewa ta nan, na san yadda tsaninsu yake. Ana farawa da ɗan gwaji. Daga nan sai mai tambaya, wanda ke yawo ƙauye ƙauye yana cika takardu. Sama da shi akwai mai nazari, wanda ake tara wa takardun ya zauna ya fitar da ma'anarsu ya rubuta. Sama da shi sai shugaban tafiya, irin shef ɗinka, wanda ke sa hannu ya kai wa gwamnati. Can ƙoli kuma akwai waɗanda ba za ka taɓa ganinsu a Tarka ba, su ke neman aikin su raba riba. Duk matakan nan ana hawansu da haƙuri, ban da ɗaya. Tsakanin mai tambaya da mai rubutawa akwai katanga. Na ga 'ya'yan ƙasar nan da furfura a ka, suna wannan gefen katangar, suna riƙe wa yaro Bafaranshe jaka, kuma kowa yana cewa ai ba a iya tafiya sai da su. Gaskiya ne, ba a iya tafiya sai da su. Shi ya sa ba a taɓa barinsu su zauna a biro, wato ofis.

Saboda haka ka bar wa direba neman kaza. In an aike ka ka je, ba na ce ka yi girman kai ba, amma kada ka zama gwanin abin. Tun a wannan tafiya ka roƙi shef ɗinka ya bar ka ka rubuta sashe ɗaya na rahoton, ko da wanda kowa ke gudu ne. Zai dawo maka da shi ya yi ja da gyara. Kada ka yi fushi, ka sake rubutawa, ka sake kai masa. In Allah Ya ba ka zaɓi tsakanin shugaban da ke yaga maka takarda da wanda ke dafa kafaɗarka yana kiranka abokinsa, ka bi mai yagawa. Na farko yana shirya ka ne ka zauna inda yake, na biyu yana jin daɗinka a inda kake.

Kada kuma ka zama yaron mutum ɗaya. Waɗannan mutane damina biyu ko uku suke yi su koma garinsu, su bar ka da takardar yabo. Ka zaɓi fanni guda, ruwa ne, kiwo ne, ko sha'anin ƙungiyoyin manoma, ka san shi har a riƙa nemanka saboda shi, ba saboda wanda ka bi ba. Na ji an ce a irin wannan aiki wanda bai hau ba, a hankali ake nuna masa ƙofa. Na kuma san tun da aka sami mulkin kai, ma'aikatun gwamnati suna zawarcin samari irinku, suna ba su kujera da mota tun ba su san komai ba. Za su zo maka. Kada ka yi saurin amsawa. Ka tafi ranar da kake da abin da za ka kai musu ban da kwat da laƙabi, in ba haka ba za ka zauna a kan kujerar kana sa hannu a kan shawarar da wani ya rubuta, ba ka iya gane inda ta karkace ba.

Na uku gajere ne, kuma ka san halina, ba zai ba ka mamaki ba.

Bayan shekaru wasu baƙin suka sake zuwa, su kuma zancen kiwo ya kawo su. Aka yi taro a gaban sarki da kumandan. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai an riga an san ƙauyukan wajen Garin Jatau ba su da matsalar ruwa, an rubuta. Sai na miƙe. Na yi magana da Faransancin da ko malamar da ta koya mini ba za ta sami abin gyarawa ba. Na ce suna zuwa lokacin da rumbu yake cike da hanya take da daɗi, su ci rago su koma, su kira wannan nazari. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Kumandan ya gode mini. Kafin damina ta faɗi aka mai da ni Belbeji, ka tuna shekarun da ka yi a gidan gwaggonka, dalilinsu ke nan. Rijiya kuwa ko tsakuwa ɗaya ba a ajiye ba. Mutumin da ka kunyata a gaban jama'a ba ya komawa ya gyara abin da ya rubuta, kare shi yake yi har ya mutu.

Kai kada ka yi haka. Maganarka da shef ɗinka a cikin mota za ka yi ta, ku biyu, tun bai sa alƙalami a takarda ba. Ka fara da roƙon a ɗaga tafiyar zuwa bazara, ko a sake dawowa a lokacin ko da kwana kaɗan ne. Zai ce zafi, zai ce gwamnati tana jira. In ya ƙi, to ka nuna masa bazara a cikin sanyi, domin tana barin sawu. Ka kai shi ya ga tsawon igiyar da aka naɗe aka rataye a bukka, ya tambayi kansa me ya sa ta fi wadda ke bakin rijiya tsawo. Ka bi da shi ta hanyar da ƙafafun mata suka sassaƙa zuwa yamma. Ka sa ya dubi tafin hannun 'yan mata. Ka kai shi wurin Fulani da Buzayen da ke sauka a kwari, nesa da zauren mai gari, su ba su da zauren da za su rufa wa asiri. Kada ka ce masa ga abin da za ka rubuta. Ka bar shi ya gani, ya ɗauka shi ya gano. In ya ce shi ya gano, ka ce haka ne, sannan ka roƙe shi sashen da za ka rubuta.

Yanzu sai zancen kawunka. Ranar kasuwar Gangara na wuce Garin Jatau na same shi a zaure. Ashe ka riga ka aika masa shi ma, har ya sa an fara jiƙa farar ƙasa.

Na ce, "Yaya, a bar shafen nan. Kuma ba wanda zai je Gangara ɗaukar ruwa."

Ya ce, "To me baƙon zai sha?"

Na ce, "Abin da kake sha."

Ya ce, "Ni ɗan gida ne, hanjina ya saba. Ke Zuwaira, so kike a ce gidan Jatau ya ba baƙo ruwan da jaki ke shinshinawa ya kau da kai? Baba yana kabari ki sa a zage shi?"

Na ce, "Baba ya ba baƙo ruwa mai kyau, ga ka nan kana aika matarka garin marowaci."

Ya ce, "Karatun nan naki tun kina yarinya na ce zai kawo mana magana. Yaron nan aikinsa yake nema, ke uwarsa ce ko mai ƙararsa?"

Na ce a yanka rago in yana so, a ba baƙo tabarmar da ta fi kyau cikin waɗanda muke da su, ba na ce a wulaƙanta shi ba. Amma ba aro, ba ɓoye yara, ba randa cike. Ya juya mini baya ya kama jan carbi. Har na fito bai ce mini sauka lafiya ba. Matarsa Hajara ce ta rako ni bakin gari. Da za mu rabu, ta ce, "Yaya Zuwaira, in ya tambaye ni, in faɗa?" Na ce ki faɗa. Ta ce, "To ki tsaya kusa da ni."

Tambayar kawunka ba ta banza ba ce, na yi ta juya ta a hanya. Mai yiwuwa ne shef ɗinka ya kwana da ciwon ciki, ya tashi yana ganin ka kasa shirya masa tafiya, ya rubuta cewa ba ka dace ba. Na san abin da aikin nan yake a wurinka, na san yadda aka yi ka kai inda kake. Idan mutum ne mai hankali, zai gane wanda ya nuna masa abin da ba zai gani da kansa ba ya fi wanda ya cika masa ciki, zai riƙe ka. Idan ba mai hankali ba ne, to ka rasa aiki a hannun wanda da ma ba zai taɓa barin ka ka haye katangar ba. Ban ce ba za ka ji zafi ba. Na dai auna zafinka da na matan garin nan, na ga naka yana da magani, ga ƙuruciya ga takardar makaranta.

Na riga na nemi hutu a wurin likita na kwanakin da za ku zo. Zan kasance a Garin Jatau, a bakin zaure, kusa da Hajara. In ka faɗa wa shef ɗinka abin da ka sani, zan zauna da lulluɓina kamar kowace uwa, in gaishe shi da hannu biyu, zai koma Yamai bai san na iya Faransanci ba. In kuwa na ga bakinka ya yi nauyi, zan jira ya keɓe, in faɗa masa a hankali, tun da na koyi wannan. Amma zai sani. Ka zaɓi bakin da kake so ya ji shi.

Allah Ya kawo ku lafiya, Ya mai da ku lafiya. Allah Ya ba ka shugaba mai adalci da abokan aiki na gari, Ya ɗaukaka ka ta hanyar da ba za ka sunkuyar da kai ba in ka shigo garin kakanka. Ka riƙe salla, ka rage shan shayin Yamai, ka gai da mutanen gidan da kake zaune.

Ni ce mahaifiyarka,
Zuwaira.